Alhaji zai biya kuɗin fim ɗin tarihi, amma da sharaɗi

Mutari: Assalamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu da ke nan, shawara nake nema, don maganar ta hana mu sukuni ni da abokan aikina.

Waɗanda suka san mu sun san mu huɗu ne a ɗan kamfaninmu na ɗaukar fim da ke Sabon Gari a nan Damagaram (Zinder): ni mai riƙe kamara, da mai montaj (haɗa fim), da mai ɗaukar sauti, da ƙanwarmu da ke rubutu tana kuma karɓar kiran masu ba da aiki. Abincinmu a talla yake. Mai shagon kayan gini, mai lakwal mai zaman kanta in lokacin rubuta yara ya zo, mai gidan burodi, mai sayar da maganin dabbobi, sai biki da suna in talla ta ja baya. Amma abin da ya haɗa mu tun farko tarihin garin nan ne. Mun daɗe da burin yin fim na minti 40 a kan fataucin Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimun da ayari ke sauka a Zango daga Tarabulus, har lokacin da hanyar ta mutu.

Kuɗi ne babu. To ga wani Alhaji da muka taɓa yi wa tallar shago ya ce ya ɗauki nauyin komai, har kuɗin mota zuwa Yamai neman takardu. Sai dai ya ce dole a faɗa cikin fim ɗin cewa kakan kakansa madugu ne, shi ke jan ayarin Damagaram zuwa Tarabulus. Ya ce kada a taɓo maganar bayi ko da kalma ɗaya. Ya kuma ce a sa tallar shagonsa a tsakiyar fim. Mu karɓa ko mu bari?

Lawali Montaj: Wa alaikumus salam. Karɓa, ɗan'uwa. Ni na san abin da hayar shago da kuɗin kuran (wutar lantarki) ke yi wa mutum a ƙarshen wata. Fim ɗin da ya fito da ɗan gibi ya fi wanda ke kwance cikin kai har mutum ya tsufa. Tsofaffin da za ku tambaya ba jiranku suke ba.

Rabi'u Mirya: Ina bayan Lawali. Wa zai ba ku irin wannan kuɗin in ba ɗan kasuwa ba?

Malam Issufu: Mutari, ɗana, Allah ya yi muku albarka da wannan niyya. Na koyar da tarihi har na yi ritaya, kuma abin da ya fi damuna a aji shi ne yaro ɗan Birni ya san sarakunan Faransa amma bai san wanda ya gina ganuwar da kakarsa ta girma a gindinta ba. Don haka ina son fim ɗin nan ya fito fiye da yadda kuke so.

Amma ku dubi abin da kuke shirin ba da labarinsa. Ayarin da ke tashi daga nan ya bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus, me yake ɗauka? Jemammun fatu, gashin jimina, hauren giwa, da mutane. Mutane, Mutari. Ya dawo da yadi da takarda da sukari da tsakiya da bindigogi. Ƙarfin Damagaram a zamanin Tanimun, wanda ya yi wajen shekara 30 yana mulki har ya rasu a 1884, da dawakinsa da igwar da maƙeransa suka zuba a nan cikin gari da albarushin da ake haɗawa, duk ba daga sama suka faɗo ba. Yaƙi yana kawo bayi, bayi suna noma gandu, wasu ana sayar da su a sayo makamai. In ka cire wannan, yaron da ya kalli fim zai tambaye ka da me aka sayi bindigar, ba ka da amsa. Kuma ba Damagaram kaɗai ba ce, haka Kano take, haka Borno da muke kai wa gaisuwa a lokacin. Ba abin ɓoyewa ba ne, abin fahimta ne.

Talla a tsakiya ban damu da ita sosai ba, wannan ku kuka san sana'arku. Sharaɗin bayi ne ba na karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ya sa nake so ku tsaya tun kafin kuɗin ya shiga hannunku.

Lawali Montaj: Allah ya gafarta Malam, gaskiya ka faɗa, amma minti 40 ba ya ɗaukar komai. Ko babu Alhaji sai sun zaɓi abin da za su bari. In sun ce fim ɗinsu a kan fatu da gishiri ne, wa zai ce sun yi ƙarya?

Malam Issufu: In sun ce a kan dukanci da jima ne, su tsaya a majema da rumfar dukawa, ba wanda zai ce uffan. Amma sun ce fataucin Sahara. Barin abu don lokaci ya ƙure daban, barinsa don an biya ka ka yi shiru daban, kuma mai yin ya san wanne ya yi.

Abba na Birni: Malam, ranka ya daɗe, ina da ƙorafi kaɗan. Ban ce a ɓoye ba. Amma ku da ke zaune a sabbin unguwanni ba lalle ku ji nauyin maganar kamar mu ba. A cikin Birni akwai gidajen da kowa ya san asalinsu, an yi auratayya, an zama dangi, ƴaƴansu da namu aji ɗaya, wasu sun fi mu ilimi da dukiya. Bidiyo kuwa ba littafi ba ne da zai zauna a kanta. Yau ka sake shi, gobe wani ya yanko daƙiƙa 20 ya tura WhatsApp, jibi an gora wa wata yarinya a gidan mijinta. Na ga auren da ya lalace a kan irin wannan magana. Wataƙila abin da Alhajin ke tsoro ke nan, ba lalle son kai ne kawai ba.

Habsu: Yaya Abba, wannan magana ce mai nauyi kuma na ji daɗi da ka kawo ta. Amma ina ganin akwai hanya. A faɗi cewa an yi cinikin, a faɗi yadda ake kamo mutane da inda ake kai su, ba tare da an ambaci gidan kowa ba, ba a nuna ƙofar kowa ba, ba a ce wane jikan wane ne ba. In wani dattijo ya ambaci suna cikin hira, mai montaj ya cire. Mu ma a jami'a haka malamai ke sa mu yi in mun fita tambayar mutane.

Abba na Birni: In haka ne ba ni da ja. Sai dai a yi shi da gaske, a nuna wa dattawa biyu ko uku kafin a sake shi, don akwai abin da yaro ba zai gane habaici ne ba, amma tsoho yana ji ya san da wa ake.

Hajiya Barira: Sannunku. Ni ba ƴar tarihi ba ce, atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa a Kasuwar Dole, kuma na sha biyan yara irinku su yi mini talla. Bari in gaya muku yadda mai biya yake tunani, don na ga duk kuna magana kamar Alhajin maƙiyinku ne.

Mutari, ɗana, bawan Allah nan ba tarihin Damagaram yake son saya ba. Sunan gidansu yake so ya tsaya. Yana so ranar da ya aurar da ɗiya a kunna wani abu baƙi su ga daga inda suka fito. Wannan ba laifi ba ne, kuma aiki ne da ake biya. To ku sayar masa da shi. Ku je gidansu, ku zaunar da tsofaffinsu, su ba da labarin kakansu yadda suka gada, ku ɗauki tsohon zaure da akwatunan da suka rage da duk abin da suke alfahari da shi, ku haɗa masa fim ɗin gidansu na kansa. A can ko sun ce kakansu ya kai Makka da ƙafa sau bakwai, bakinsu ne, gidansu ne. Ku yi masa farashi mai kyau. Ribar ku zuba a naku fim ɗin, inda ba mai ce muku cire wannan sa wancan.

Talla kuma, ku ji daga bakin mai sayarwa: tallar da aka cusa tsakiyar labari ba ta kawo ciniki. Mutum yana cikin jin yadda raƙuma suka fito Bilma da gishiri da dabino, sai ga buhun siminti. Haushi zai ji. Ku gaya masa sunansa a farko da ƙarshe, wane ne ya taimaka aka yi wannan aiki, ya fi masa daraja nesa. Mu ƴan kasuwa mun san bambancin talla da suna.

Mutari: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Tsorona kawai kada ya ce shi babban fim ɗin yake so, wanda duk gari zai gani.

Hajiya Barira: Zai faɗa. Ka bar shi ya faɗa, kada ka amsa a zaman farko. Ka tafi da wani babba wanda yake jin nauyinsa.

Sanusi (Kano): Salam ƴan gida. Ina bin maganar daga nan Kano. Kun tsaya a kan abin da za a faɗa, ni tambayata me za a nuna? Minti 40 fa. Tanimun ba shi da hoto. Ganuwa saura ɗan guntu nan da can. Tsohon barikin Faransawa yana hannun soja, ba ka ɗaga kamara wajen sai da izini. In ba ku yi hankali ba za ku ƙare da tsoho zaune kan tabarma yana magana rabin awa, kuma yaran yanzu ba sa kai minti biyu a kan haka. Shawarata ku yi wasan kwaikwayo a wasu wurare: ku yi hayar raƙuma, ku ɗinka kaya, ku fita bayan gari wajen duwatsu. Ko ku yi amfani da manhajojin nan masu ƙirƙiro hoto, yanzu kowa yana yi, kuma kusan kyauta ne.

Habsu: Yaya Sanusi, raƙuma na yarda. Hoton da na'ura ta ƙirƙira kuwa ina roƙon su kada su taɓa shi. Na sha ganin irinsa yana yawo, an rubuta wai sarkin wuri kaza ne, da rawani irin na Indiya da fada mai ginshiƙan da ba a taɓa ginawa a ƙasar Hausa ba. Mutane suna turawa suna cewa Allah ya jiƙan maza. Bayan shekara goma wannan fuskar ita za ta zama Tanimun a kan yara, kuma ba mai iya goge ta.

Sanusi (Kano): To ai sai a rubuta a ƙasa cewa zane ne.

Habsu: Rubutun shi ake fara yankewa in za a tura. Kuma iyayenmu da yawa sauraro suke da kallo, ba karatu ba.

Malam Issufu: Ɗiyata Habsu ta yi daidai. Kuma Sanusi, ban yarda babu abin nunawa ba. Fada tana nan tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, da soraye da dogarai da kakaki da tambura. Lungunan Birni suna nan da manyan duwatsunsu da gidaje masu zanen bango. Zango tana nan da gidajen fatake. Majema tana aiki, kuma yadda ake jiƙa fata a toka a kankare gashi a jeme ta da bagaruwa bai canza ba tun zamanin da ake ɗaure ta a kai Tarabulus. Ka ɗauki hannun majemi yana aiki, ka ɗora muryar mai ba da labari, ka nuna kayan fataucin da idonka ke nan. Haka gishirin Bilma a kasuwa, haka kanwa, haka hawan Sallah in kana son mutane su ga yadda dawakin Damagaram suke. Akwai kuma hotunan da Faransawa suka ɗauka a farkon zuwansu, har da na katin wasiƙa. Waɗannan na gaske ne, sai dai a nemi izinin inda aka ajiye su, a kuma faɗi shekarar in an sani.

Lawali Montaj: Wasan kwaikwayon ma yana da nasa haɗari. Na taɓa karɓar aikin wasu in haɗa, an yi shiga ta zamanin da, an hau doki, sai ga agogo a hannun barde, ga falwayar kuran a bayansa. In za ku yi, ku ɗauki ƙafafun raƙuma da inuwa da ƙura da igiyar kaya, ku bar fuska. Ya fi arha, ya fi kyau, kuma ba ku ce wa kowa ga wane ba.

Sanusi (Kano): Wannan na karɓa. Amma ina nan kan bakana a kan tsawo. Ku yanka shi kashi-kashi, minti 6 ko 7 kowanne. Wanda ya sayi mega na dala ɗari ba zai buɗe fim na minti 40 ba.

Habsu: Tunda an zo kan aiki, ina da roƙo biyu. Na farko sauti. Mutane suna yafe hoto mai duhu amma ba sa yafe muryar da ba a ji. Tsoho muryarsa ƙasa take, ga kabu-kabu, ga injin niƙa, ga iskar hunturu in ta taso. Ku maƙala masa ƙaramin mikro a wuyan riga, ku shiga ɗakin ƙasa mai tabarma da labule, ku kashe fanka ko da ana zafi, ku yi hirar da hantsi kafin gari ya cika da ƙara. Kuma kada ku katse shi. In ya yi shiru ku bar shi, abin da ke zuwa bayan shirun shi ne ake nema.

Na biyu, ku tambayi mata. Duk wanda ya tashi yin tarihi sai ya nufi fada da zauren malamai, nan kuwa jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe za a ba ka. Amma wa ya san abin da ake yi wa bafatake guzuri, da yadda matarsa ke zama shekara ba labari, da waƙar da ake yi in an hango ayari? Tsofaffin mata. Kakata ta wajen uwa a Zango ta girma, kuma abin da take faɗa a bakin murhu ban taɓa ganinsa a takarda ba. Namiji baƙo da kamara ba zai samu wannan ba. Ku tura ƙanwar taku ta zauna da su, ta fara zuwa ba na'ura, a saba tukuna. Kuma a gaya musu ƙarara cewa duniya za ta gani, wadda ba ta so a nuna fuskarta a ɗauki murya kawai.

Hajiya Barira: Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Kuma a riƙa kai musu goro da ɗan sabulu, kada a je hannu rabbana.

Rabi'u Mirya: Ni fa har yanzu ban ji an amsa maganar kakan Alhaji ba. In gaskiya ne madugu ne fa? Kun yanke masa hukunci ba ku bincika ba.

Malam Issufu: Tambaya mai kyau, Rabi'u. Ba wanda ya ce ƙarya ne. Abin da muka ƙi shi ne a rubuta amsa kafin a yi tambaya. Ga yadda ake yi. Ka ji daga gidansu. Sannan ka je gidaje biyu ko uku da ba su da dangantaka da su, ka tambaya su wa ke jan ayari a wancan zamani, ba tare da ka sa musu sunan a baki ba. Ka tambayi maroƙa da makaɗan fada, don kirari yana riƙe sunan da mutane suka manta. In sunan ya fito da kansa, ya shiga fim da haƙƙinsa, ko Alhaji ya biya ko bai biya ba. In bai fito ba sai a gidansu, to a fim ɗin gidansu zai zauna. Ku kuma sani cewa jan ayari cikin Sahara galibi aikin Abzinawa ne, su suka san rijiyoyi, manyan masu dukiyar kuma da yawa Larabawan Gadamas da Tarabulus ne da ke zaune a nan. Ɗan gari yakan zama mai masauki ko dillali ko mai ba da kaya. Yana yiwuwa kakan nasa babban mutum ne a fataucin ba tare da ya taɓa taka Gat ba, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Malam Yaro, babban attajirin garin nan wanda sunansa ya cika takardu, da dukiya da hulɗa ya yi suna.

Game da takardu, ku fara da littafin marigayi André Salifou a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971. Ɗan garin nan ne, jami'armu sunansa take ɗauke da shi, kuma da bakin tsofaffi ya yi aiki tare da takardun Turawa. Akwai abin da Bature matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya rubuta, don ya sauka a nan a ƙarshen Disamba 1852 ya zauna har ƙarshen Janairu 1853 yana jiran kayansa daga arewa. In kun je Yamai ku shiga gidan ajiyar takardun ƙasa, da cibiyar bincike ta IRSH inda ake ajiye rubuce-rubucen Larabci da ajami, da cibiyar CELHTO da aka kafa don tarihin baka.

Amma kada ku ɗauka duk abin da ke takarda yankakke ne. Wanda ya rubuta yadda aka kashe hafsan sojan Faransa Cazemajou a garin nan a 1898 ɗan'uwan Cazemajou ne a aiki. Wanda ya rubuta labarin yaƙin Tirmini tsakanin Faransawa da Damagaram a 1899 shi ne wanda ya ci yaƙin, Sarki Ahmadu Kuran Daga bai bar nasa bayanin a takardunsu ba. Haka abin da ya faru a 1906, da aka ce an ƙulla makirci aka kama Sarki Ahmadu ɗan Bassa da Malam Yaro aka kai Sarki Kodebuwa, aka bar garin ba cikakken sarki har 1923. Mai tuhuma shi ya rubuta, shi ya yi shari'a. Don haka a fim ku riƙa bambantawa da baki: wannan Faransawa suka rubuta, wannan a fada aka gaya mana, wannan tsofaffin Zango suka ce. In sun saɓa ku bar su a saɓe, mai kallo ba yaro ba ne.

Ƙarshen labarinku kuma yana da shekara guda da ya kamata ku tsaya a kanta, 1911. A shekarar ne Faransawa suka maido hedkwatar mulkinsu nan Zinder, wanda ya kai har 1926 kafin a mai da ita Yamai. A shekarar ne Italiya ta faɗa wa Tarabulus. A shekarar ne kuma jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku. Kayan da ke wata da watanni a bayan raƙumi suka koma zuwa ta kudu cikin kwanaki, da arha. Garin ya samu ofisoshi a daidai lokacin da hanyar da ta yi masa arziki ke mutuwa, fuskar kasuwa ta juya kudu, daga baya gyaɗa ta karɓi wurin. Duk ɗan kasuwar da ke sayo kaya Kano yau jikan wannan juyin ne, har da Alhajinku.

Mutari: Malam, wannan na 1911 shi ne kashin bayan fim ɗin, yanzu na gan shi. Allah ya ƙara lafiya.

Lawali Montaj: To tunda kowa ya koma bayan shawarar Hajiya, bari in faɗi abin da na sani a kan aikin kuɗi, don fim ɗin gidan Alhaji aikin kuɗi ne kamar kowace talla. Ku rubuta takarda ko da shafi ɗaya ce: minti nawa, kwana nawa na ɗauka, gyara sau nawa, wa ke da ikon sakewa a Facebook. Ku karɓi rabi kafin ku kunna kamara. Abin da ke kashe ƙananan kamfani a garin nan ba rashin aiki ba ne, gyara ne marar iyaka. Ka gama talla, mai shago ya ce a ƙara ɗansa, a sa motarsa, a canza kiɗa, matarsa ta ce launin bai yi ba, aikin jika hamsin ya ci maka wata guda. Kuma kada ku ba da na ƙarshe mai tsabta sai an cika kuɗi, ku tura mai tambarinku a tsakiya.

Abu na biyu, hirarrakin tsofaffin nan ku ajiye su a disk biyu, ɗaya a shago ɗaya a gidan wani. Kuran ɗinmu kun san halinsa in bazara ta yi, ga ƙura ga zafi. Talla in ta ɓace a sake ɗauka. Tsohuwa mai shekara 90 ba lalle ka same ta karo na biyu ba.

Hajiya Barira: Rabin kuɗi kafin aiki daidai ne, ni ma haka nake biya. Amma ku ma ku cika alkawarin rana. Tallar kayan Sallah da aka kawo bayan Sallah ba ta da amfani ga kowa. Kuma in kun zo yi mana talla ku daina dogon surutu da kiɗa mai ƙarfi. A ga kayan da kyau, a ji inda shagon yake, a ga lambar waya ta daɗe a fuska yadda mutum zai iya kwafa. Daƙiƙa 40 ta isa, a tsaye yadda zai cika fuskar waya.

Mutari: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya bayan la'asar muka je wurin Alhaji tare da kawuna, wanda abokin karatun allonsa ne. Ya karɓe mu da mutunci. Fim ɗin gidansu ya ji daɗinsa ƙwarai, har ya kira yayarsa a waya a gabanmu ya ce ta shirya za a zo ɗaukar maganarta. Mun yi ciniki, ya ba da rabi. Talla a tsakiya ya janye da kansa da kawu ya yi masa bayani.

Maganar bayi ce bai sauka ba. Na gaya masa ba za a ambaci gidan kowa ba, dattawa za su gani kafin a sake. Ya ce ya ji, amma shi ba ya son sunansa a kan fim ɗin da ya taɓo ta, ko a farko ko a ƙarshe. Don haka babban fim ba da kuɗinsa za a yi ba. Abin da zai rage mana daga aikin gidansu ba zai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya yi niyyar bayarwa da farko ba.

Lawali Montaj: Ka ga abin da nake gudu. Yanzu tafiya Yamai da hayar raƙuma daga ina? Ban canza ra'ayi ba, da kun karɓa kun yi na fatu da gishiri, na bayi ya jira wani lokaci. Amma tunda kun yanke, montaj ɗin kashi na farko ku kawo mini, ba zan karɓi ko dala ba.

Abba na Birni: Ni na fahimci Alhajin, kuma na fahimce ku. Maganar shiga fada ku bar mini, zan yi wa wanda ya dace magana, amma ku rubuto takardar neman izini, ku kuma zo da shiga ta mutunci. Ba a shiga da gajeren wando da hular kwano.

Sanusi (Kano): Raƙuma ba dole sai haya ba. Ku je kasuwar dabbobi ranar Alhamis da sassafe, ku nemi izinin masu su. In kun kai kan kashin jirgin ƙasa ku faɗa mini, ni zan ɗauko muku tsohuwar tashar Kano da Kasuwar Kurmi in turo.

Hajiya Barira: Akwai mata uku a layinmu da ke son tallar kayan azumi. Zan haɗa ku, amma farashin da kuka yi mini za ku yi musu.

Habsu: Ina da hutu mako mai zuwa. Kakata ta yarda, ta kuma ce akwai ƙawarta a Zango da ta girme ta, mahaifinta mai masaukin Abzinawa ne. Sai dai ƙawar ba ta da lafiya sosai, ina ganin da ita ya kamata a fara.

Mutari: Da ita za mu fara. Mun sauya tsari: kashi-kashi kamar yadda Yaya Sanusi ya ce, na farko Zango da masu masauki, na biyu majema, Yamai sai kuɗin tallar azumi ya shigo. Habsu, ke da ƙanwarmu ku je ranar Litinin ku gaishe ta ba na'ura, in ta amince mu zo Laraba da hantsi. Malam, zan kawo maka tambayoyin da muka rubuta ka duba kafin nan.

Malam Issufu: Ka kawo gobe bayan azahar, ina gida. Ka zo da littafin rubutu, akwai sunayen dattawa huɗu da zan ba ka, biyu a Birni, ɗaya a Zango, ɗaya sai kun je Mirya. Rabi'u, kai za ka raka su wurinsa.

Rabi'u Mirya: To Malam, in sha Allah. Su faɗa mini ranar tun da wuri in sanar da gidan.